Zuwa ga Hamma, Kan Maganar Gem ɗin da Yaronmu Yake Roƙo

Jalingo,
Jihar Taraba.

Assalamu alaikum Hamma,

Ya aiki, ya zaman Kano? Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Damina ta zauna sosai, Mayo Gwoi ya kawo ruwa har ya fara taɓa gonakin bakin rafi, masararmu ta hanyar Kona kuma ta yi goyo. Dada ta samu sauƙin ƙafar, yanzu da kanta take takawa zuwa gidan Goggo. Ta ce in gaya maka man zafin da ka aiko ya yi mata amfani, Allah Ya yi albarka.

Maganar da muka fara a waya ranar Juma'a ce ta sa na zauna na ɗauki biro, domin a waya ba na iya ja da kai, kuma abin da ke bakina yana da tsawo. Ka ce babban yaronka ya hana ka sakat da roƙon a saya masa PlayStation, ka ce masa ɓata lokaci ne, har ka ƙara da cewa mu da muka taso ba mu san irin wannan ba. Hamma, wannan ta ƙarshen ce ta tsaya mini a rai. Kai ne fa ka riƙe hannuna ka tsallakar da ni titi ka kai ni inda na fara ganinta. Ba zan koya maka tarbiyyar ɗanka ba, kai ne babba, kuma ka fi ni sanin halinsa. So nake kawai ka tuna da abin da ya same mu a ɗakin nan kafin ka yanke hukunci.

Ka san kafin lokacin ba baƙin gem ba ne mu. Akwai ƙaramar nan ta hannu mai batir da ake jera tubala a cikinta. Akwai ta gidan Kawu mai kaset rawaya, wanda aka rubuta a jikinsa wai wasanni dubu tara da ɗari tara da casa'in da tara ne a ciki, amma in ka bi su sai ka tarar Mario ne da Contra da harbin agwagwa da 'yan kaɗan suke ta maimaituwa. Daga baya Sega ta zo da Sonic da Mortal Kombat. Duka mun so su. Sai dai duk abu ɗaya ne ya haɗa su: hagu da dama, sama da ƙasa, shi ke nan. Mutumin cikin gem tamkar zanen jikin babbar mota yake, komai kyansa ba shi da ƙeya, ba za ka taɓa zagayawa ka ga bayansa ba. Kuma ba mu taɓa jin cewa akwai abin da ya rage ba, don ba mu san ana iya wuce nan ba.

Sai shekarar da aka koma mulkin farar hula, 1999, lokacin Jolly Nyame ya dawo kujerar gwamna. Ka dawo gida wata la'asar ka ce mini an buɗe sabon gidan gem a bayan babbar kasuwa, kuma na'urar ba kaset take ci ba, faifai take ci. Ban yarda ba sai da na gani, gani kuwa ya kori ji. Ɗaki ne ƙarami mai labule a ƙofa, benci biyu, talabijin inci goma sha huɗu a kan tebur, ga wata 'yar akwati ruwan toka a gefensa mai murfi zagayayye. Mai shagon ya danna, murfin ya ɗaga, ya sa faifan da yatsa, ya rufe. Allon ya yi fari, wannan sautin mai zurfi ya fito, wanda har gobe in na ji shi tsigar jikina tashi take yi, sannan allon ya koma baƙi da tambarin nan mai launi huɗu.

Tekken 3 ne. Mutum biyu suka tsaya za su yi faɗa, sai kawai hoton ya zagaya su. Na ga kafaɗar mutum, na ga bayansa, na ga ƙasar da yake tsaye a kai ta miƙe ta yi nisa. Na tuna na leƙa ta gefen talabijin ɗin, ka jawo rigata ka zaunar da ni. Abin da ya ƙarasa ni shi ne lokacin da wani babban yaro ya taɓa sama a hankali, mutuminsa ya goce gefe, ya shige cikin allon, naushin abokin faɗansa ya wuce ta iska. A Mortal Kombat in an kawo maka duka, ko ka tare, ko ka durƙusa, ko ka yi tsalle, ko ka ja baya. Nan kuwa ga wata hanya da ba mu taɓa sanin tana nan ba. Ɗakin ya ɗauki ihu. Ni dai ban yi ihu ba, bakina ne a buɗe.

Na yi shekaru ina aikin gyaran waya da kwamfuta kafin na fahimci abin da muka gani a ranar, kuma fahimtar ba ta rage masa daraja a wurina ba, ƙara masa ta yi. A tsoffin na'urori, hotuna ne aka zana aka ajiye, na'ura tana jera su ɗaya bayan ɗaya. A wannan kuwa ba a zana mutumin ba, gina shi aka yi da ƙananan alwatika masu yawa, kowace kusurwa da lissafin inda take: faɗi, tsawo da zurfi. Duk motsin da ka yi da yatsa, sai na'urar ta sake lissafa inda kowace kusurwa za ta faɗo a kan allo, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Kuma da me take wannan aikin? Babbar ma'ajiyar aikinta megabait 2 ce kacal. Hoton Dada guda ɗaya da na turo maka ranar Sallah ya fi haka nauyi. Ka tuna yadda bango yake karkacewa in ka matso kusa da shi, da yadda jikin mutane yake 'yar rawa ko suna tsaye? Mun ɗauka laifin talabijin ne ko ƙarancin wuta. Ashe na'urar ce take taƙaita lissafi don ta yi sauri: ba ta ajiye ɓurɓushin lamba a wurin kusurwoyin, kuma ba ta gyara zanen bango daidai da nisansa. Waɗanda suka yi wasannin sun san da wannan gazawar, suka yi ta dabara a kanta. Hazon nan da ya rufe garin Silent Hill, wanda ya hana mu barci, an sa shi ne har da don na'urar ba za ta iya zana abin da ke nesa ba.

Wani abin da na gano daga baya zai ba ka sha'awa. Da farko Sony ba ta yi niyyar fitar da na'urarta ita kaɗai ba. Yarjejeniya ta yi da Nintendo za su haɗa na'ura mai cin faifai, sai Nintendo ta juya mata baya a 1991, shekarar da aka yanke Taraba daga Gongola, ranar 27 ga Agusta, Jalingo ta zama babban birni. Wani injiniyan Sony mai suna Ken Kutaragi ya dage a ci gaba da aikin, har na'urar ta fito a Japan ranar 3 ga Disamba, 1994, ta shiga Amurka da Turai a 1995. Ka ga ke nan kusan sa'ar jiharmu ce, tare suka taso. Sai da ta yi shekara biyar a duniya kafin ni da kai mu gan ta, ta biyo 'yan kasuwa daga Alaba ta Legas da Onica, mafi yawa ta hannu, wasu ma da rubutun Japananci a jikinsu. A ƙarshe an sayar da fiye da miliyan 100.

Masana wannan harka in suna maganar farkon gem mai zurfi, Super Mario 64 suke fara ambata, na Shigeru Miyamoto, wanda ya fito a 1996 tare da Nintendo 64. Suna da gaskiya, na buga shi da girmana na ga dalilinsu. Amma a Jalingo ba shi ne ya buɗe mana ido ba, kuma dalilin kuɗi ne. Nintendo ta tsaya a kan kaset, mai tsada, mai wuyar kwafa. Faifai kuwa ana kwafarsa, in an sa wa na'ura ɗan cif a ciki sai ta karɓa. Faifan asali baƙi ne ta ƙasa, ni kuwa sai da na girma na taɓa riƙe irinsa. Namu duk masu ruwan azurfa ne, a cikin leda da hoton da ya koɗe. Da a ce sai da faifan asali ake bugawa, da yaron Sabon Gari ko Magami bai ga wannan abin ba sai bayan wasu shekaru masu yawa.

To amma kai da ni mun san Tekken ƙofa ce kawai. Abin da ya zaunar da mu shi ne ƙwallo, Winning Eleven na kamfanin Konami. Ka tuna halin da ƙasar take ciki game da ƙwallo a lokacin. A 1996 mun ci zinare a Atlanta, mun fitar da Brazil da ci 4 da 3 da ƙwallon Kanu, mun doke Ajantina 3 da 2. A 1998 a Faransa mun ci Sifen 3 da 2 da wannan dukan na Sunday Oliseh daga nesa, wanda muka kalla a tsakar gidan maƙwabta, talabijin a kan turmi. Sannan Denmark ta yi mana 4 da 1 ta kore mu, muka kwana da baƙin ciki. Bayan shekara guda sai ga waɗannan mutanen a hannunmu, da koriyar riga, a fili mai faɗi da zurfi, kana iya hango ɗan wasanka can gefe ka jefa masa ƙwallo ta faɗo a gabansa. Ba sau ɗaya ba ka ɗauki Najeriya ka ce in ɗauki Denmark, don kawai a rama.

Komai na cikin faifan da Japananci yake. Ba mu iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma mun haddace wuraren: sauka biyu ka danna, nan ne canjin 'yan wasa, na ƙasansa tsarin tsayuwa. Mun koyi cewa a faifan Japan da'ira ce take nufin e, ekis kuma a'a, saɓanin na Turai. 'Yan wasa kuwa da lamba da wurin tsayuwa muke gane su: 10 Okocha, 4 Kanu, 13 Tijjani Babangida. Mai sharhin, wanda daga baya na san sunansa Jon Kabira, in ya ja "shuuto!" sai duk ɗakin ya amsa masa, yaran da ba su san ko ina Japan take a taswira ba.

Babangida kuwa, ai sai da aka kafa doka a kansa. Ka danna alwatika ka zura masa ƙwallo, ka riƙe R1, babu mai tsaron bayan da zai kamo shi. Masu ɗaukar Brazil su kuma sai su ciro Roberto Carlos daga baya su kai shi gaba saboda gudu da ƙarfin ƙafa, a yi ta musu ko hakan halal ne a wasa. Abin da ya fi yi mini daɗi, wanda ban iya faɗa ba a lokacin, shi ne mutumin da duk ɗakin yake tsoro ɗan Kaduna ne, mai suna irin namu, yana buga wa Ajax, kuma wasu mutane a can Japan sun zauna sun auna gudunsa sun sa a cikin faifai. Shi da Garba Lawal da Amokachi da Babayaro duk Kaduna ce ta fitar da su. Da ya ci Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a Legas a gasar Afirka ta 2000, washegari kowa cewa yake yi ai mun riga mun sani, a gem ma haka yake yi.

Sauran wasannin ba kowa ke biya ya buga su ba, don suna cin lokaci, sai dai a taru a kalli gwani. A haka muka ga Tomb Raider, ranar da ƙaton dabban nan na zamanin da ya fito daga duhu a cikin kwari, ƙasa tana girgiza. A haka muka ga Resident Evil, karnuka suka fasa taga suka faɗo cikin lungu, wani yaro ya ture benci ya yi waje ba takalmi. Ƙofofin nan da suke buɗewa a hankali, zuciyarka tana bugawa, ashe lokacin ne na'urar take karanto ɗaki na gaba daga faifai. Kai kuma naka Metal Gear Solid ne. Na tuna yadda wani mugu a ciki ya gagari kowa, yana kauce wa duk harbin da aka yi masa, har wani ɗalibi da ya dawo hutu daga Yola ya ce a cire hannun gem daga rami na ɗaya a mayar na biyu. Aka yi masa dariya. Ka tashi ka gwada, kuma ya yi. Ranar da kai da shi kuka fita, yara har bakin titi suka raka ku.

Ita kanta na'urar lallaɓa ta ake yi. In idonta ya gaji, sai allon ya tsaya a farin nan ya ƙi wucewa, kowa ya yi tsit. Mai shagon ya ciro faifan ya huhhura, ya goge da gefen riga, in ta ƙi ya kifa ta a kan murfinta ko ya jingina ta da bango a tsaye, sai ka ga ta tashi. Wannan ma ba camfi ba ne: hanyar da idon yake zamewa a kai ta roba ce a na farkon, zafi da yawan aiki suna cinye ta, kifawar ce take mayar da idon daidai. In an ɗauke wuta ana tsakiyar wasa kuwa, kafin a tayar da janareto an yi shari'a: nawa da nawa ake, minti nawa ya rage, wa zai biya. Memori ɗaya ne a shagon, mai gida goma sha biyar, kuma wanda ya goge ajiyar wani ya san ya jawo wa kansa magana har unguwarsu.

Akwai abin da nake yawan tunawa yanzu, musamman in gari ya ɗauki zafi lokacin siyasa. Ka tuna waɗanda muke zama da su a bencin nan? Mumuye, Kona, Fulani, Tibi, Jukun, Hausawa, yaran Ibo masu shagunan kayan gyara. Wani daga Islamiyya ya fito da allonsa, wani daga cocin yamma. Wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya zauna, doka ke nan, kuma ba ta san sunan uban kowa ba. In murtalarka ta ƙare, wani zai miƙo maka hannun gem ya ce buga mini rabin lokaci. In an kira magariba mai shagon, da yake ba Musulmi ba ne, shi da kansa yake kashe talabijin ya ce mu tafi masallaci kar iyayenmu su zo su same shi. Mutum biyu daga cikin waɗanda nake hulɗar aiki da su a yau a wannan bencin na san su, kuma amanar da ke tsakaninmu daga can ta faro.

Ban manta da ɗaya gefen ba, kuma na san shi ne yake damunka. Mun ga yaran da suka bar aji suka wuni a can da kayan makaranta a jikinsu. Mun ga wanda kuɗin cefane ya bi ta hannunsa bai kai kasuwa ba. Mun ga lokacin da manyan samari suka fara ɗora kuɗi a kan wasa, abin ya koma caca, har aka rufe wani shagon saboda faɗa. Tsoronka yana da tushe, kuma na yau ya ma fi na jiya: wasan yana cikin waya, ba ya ƙarewa, yana neman a sayi abu a cikinsa, yana haɗa yaro da baƙin da ba ka sani ba ta intanet, ga shagunan cacar ƙwallo a kowane lungu suna jiran ya girma.

Amma ka tuna me ya tsare mu. Baba bai hana ba, Allah Ya jiƙansa. Da ya ji labari, da kansa ya taka har shagon, ya tsaya a bakin ƙofa ya kalli wasa ɗaya har ƙarshe, ya gaisa da mai shagon, ya tambaye shi sunan garinsu. Da muka dawo ya ce Alhamis da Juma'a bayan la'asar, ranakun da babu makarantar allo, kuma tare za mu je tare za mu dawo, kuma kai ne za ka riƙe kuɗin. Ka riƙe ni da wannan sharaɗin, ko da na yi kuka ba ka sassauta ba. A hanyar dawowa kake yi mini bayanin inda na yi sake aka ci ni, kuma a wannan hanyar ce ka fara tambayata abin da ke damuna a makaranta. Akwai shekara huɗu tsakaninmu, a gida ba ma zama wuri ɗaya, kai da abokanka ni da nawa. Gem ɗin nan ne ya sa na san wana.

Shi ya sa nake ganin in ka ce masa a'a ka rufe magana, ba barin gem zai yi ba. Zai buga a wayar aboki, a inda ba ka gani, kuma zai koyi ɓoye maka. Ban ce ka sayi PlayStation 5 ba, kuɗinta ya fi ƙarfin abin wasan yaro, ni ma ba zan ba ka wannan shawarar ba. Ka nemi PlayStation 2 ta hannu, wadda ta fito a 2000. Tana da ƙwari, ba ta buƙatar intanet, kuma tana karɓar faifan ta farkon. Ka ajiye ta a falo, kar ta shiga ɗakinsa. Ka sa ranaku kamar yadda aka sa mana. Sannan ka sayi hannu biyu, na biyun naka ne. Ba zai ji abin da muka ji ba, shi da ya buɗi ido ya ga FIFA a waya mai hoto kamar na gaske, wataƙila ma ya yi dariyar kawunan 'yan wasanmu masu kusurwa. Ka bar shi ya yi. Ka nuna masa lamba 13, ka gaya masa ko wane ne, ka ba shi labarin Atlanta, ka ga ko ba zai matso kusa da kai ba.

In ka amince, kar ka saya sai ka kira ni muna waya. Ka sa mai shagon ya kunna ta a gabanka ta yi aƙalla rabin awa, ka ji ko tana ƙara wajen karanta faifai, ka duba kowane maɓalli na hannun, musamman R1 da ekis, su ne suke fara mutuwa. Ka tabbata adaftar ta wutarmu ce, don wasu na Japan da Amurka wutarsu ba ta kai tamu ba, suna ƙonewa nan take. In idon ya raunana kar ka fasa saye saboda shi, ina da sabo a shago, zan sa mata in kun zo hutun ƙarshen shekara. Faifan Winning Eleven kuma kar ka wahalar da kanka, akwai shi a wurina. Sharaɗi ɗaya ne: wannan karon ni zan ɗauki Najeriya, yaron yana gefena.

Ka gaishe mini da Adda da yara duka, ka ce wa ƙaramar ina sane da alkawarin zumar Mambila. Dada da Goggo da mai ɗakina suna gaishe ku. Allah Ya ƙara zumunci, Ya shirya mana zuri'a.

Wassalam,
Ƙaninka.